Wuƙar Baba da Asabar ta Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da wani tumatir guda ɗaya ba. Na manta sunayen ɗalibai da yawa da na koyar, na manta ranar haihuwar matata har sau biyu, amma tumatirin nan yana nan a raina, da launinsa da girmansa da inda ya fashe. Bari dai in ɗauko daga farko, don in na fara daga tumatir za ku ce ba ni da lafiya.

A Samaru aka haife ni, a nan na girma, a nan kuma nake koyar da lissafi a wata sakandare. Gidanmu Kiristoci ne, maƙwabtanmu kusan duk Musulmi. Tun ina ƙarami, duk Kirsimeti Baba yana sayen rago, amma bai taɓa yankawa da hannunsa ba. Abokinsa Malam Tanimu, wanda ƙofar gidansa ke kallon tamu, shi yake yankawa, don naman ya shiga kowane gida a layin ba tare da wani ya tsaya yin tambaya ba. Mu Baba Tanimu muke ce masa.

Abin yana da tsarinsa. Ranar jajibiri da la'asar Baba zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya fito da dutsen washi da ruwa a kwano da wata doguwar wuƙa mai mariƙin ƙaho, ya zauna ya yi ta gogawa. Ba ya aika kowa ya gaya wa Baba Tanimu, ƙarar dutsen ita ce gayyatar. Washegari da sassafe, kafin mu tafi coci, Baba Tanimu zai yi sallama, ya karɓi wuƙar da hannu biyu, ya ce, "A ba ni buta." Sai ya zagaya bayan gida shi kaɗai, ya ɗan jima, ya dawo ya yanka rago. Mu yara mun ɗauka addu'a yake yi wa wuƙar a can. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Baba ya rasu da damina, a shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun malaman makaranta. Bayan an gama zaman makoki, ƙaninsa Baffa Iliya, manomi ne a ƙauye, ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da wuƙar.

"Wannan zan tafi da ita," in ji shi. "A gidan 'yan boko tsatsa ce za ta cinye ta."

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "A bar ta zuwa Kirsimeti. In wannan bai iya wasa ta ba, sai ka ɗauka."

("Wannan" ni ne. Ni ne ɗan fari, Mama ba ta kiran sunana. Ina da shekara talatin da huɗu da mata da 'ya, ina amsa "wannan".)

Na ce haba, wane irin ban iya ba, ai tun ina yaro nake kallon Baba yana yi. Gaskiya ne kuma, na kalla. Abin da ban faɗa ba shi ne, ban da fensir ban taɓa sa wa wani abu kaifi ba a duniya. Kuma ina son wuƙar nan. Ba don kyanta ba, mariƙin ma ya tsage an ɗaure shi da waya. Amma ita ce abu ɗaya a gidan da har lokacin in na riƙe nake jin kamar hannun Baba bai daɗe da sakinta ba.

Na fara gwaji da wuƙar kicin. Bayan kwana biyu matata Rahila ta kawo mini ita tare da albasa, ta ajiye a gabana. Na gwada. Albasar ta yi ta birgima. Da yamma ta gaya mini cewa zumuntar mata ta wata coci a Unguwar Gabas, can Sabon Gari, tana koyar da sana'o'in hannu duk Asabar har mako huɗu: haɗa sabulu, man shafawa, da washin wuƙa. Ta ce a takardar sanarwar an rubuta kowa da kowa yana iya zuwa.

An rubuta ɗin kuwa. Ni kaɗai ne namijin da ya yarda da rubutun.

Na hau bas daga Samaru, muka bi ta Palladan, na sauka PZ na hau acaɓa. Na shiga zauren cocin da littafin rubutu da biro biyu da abin auna kusurwa, wannan rabin da'irar roba ta cikin gwangwanin lissafi na 'yan makaranta. Na tarar da mata goma sha bakwai zaune a benci, kowacce da wuƙa a cinya. Suka juyo suka dube ni. Wata ta tambaye ni ko matata nake nema.

Malamar sunanta Mama Ngozi, 'yar ƙabilar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa zurfi. Kifi take sayarwa a kasuwa tun kafin in shiga firamare. Ta jiƙa dutse, ta kwantar da wuƙa a kai, ta ce a ɗaga bayan wuƙar kamar kaurin ɗan yatsa, sannan a tura kamar ana son feƙe dutsen. Na ɗaga hannu.

"Mama, wannan kusurwar digiri nawa ke nan?"

Ta dube ni, ta dubi robar da ke hannuna. Ta ce, "Malam, ni kifi bai taɓa tambayata digiri ba. Ajiye biro ka ɗauki dutse."

Daga ranar sunana ya zama Malam Digiri. (Har gobe akwai wata mai sayar da garin rogo a kasuwar Sabon Gari da take kirana haka daga nesa, a gaban mutane.)

Amma in faɗi gaskiya, na koya. Asabar ta biyu muka yi dutse mai kaushi, ta koya mana sauraro, don in hannu ya karkace ƙarar tana sauyawa. Asabar ta uku muka koma dutse mai laushi. Ta ce a yi ta goga gefe ɗaya har sai an shafa ɗaya gefen an ji wani siririn ɓawon ƙarfe yana kama yatsa, wannan shi ne alamar an kai bakin wuƙar. Ni na fara jin nawa a duk ajin. Na juya na yi ɗaya gefen, na ɗora wuƙar a damtsena na ja, gashi ya zube. Wata tsohuwa a bencin baya ta rangaɗa guɗa. Wallahi ranar da na karɓi takardar jami'a ban ji daɗin da na ji a zauren nan ba.

Da za a tashi Mama Ngozi ta ce, "Kada wanda ya fasa zuwa mako mai zuwa. Kowa ya zo da tsohon bel ko guntun fata."

Na ji maganar bel ɗin, na ɗauka wata sana'ar ce kuma za a fara, ko jaka ko takalmi. Abin da ya fi shiga kunnena shi ne abin da matan suke faɗa a bakin ƙofa: ranar za a raba takardar shaida, za a kira mai hoto, kuma za su yi anko. Na zauna a bas ina hango hoton. Mata goma sha bakwai cikin atamfa iri ɗaya, ni a tsakiya riƙe da wuƙa, an rataye a zauren coci da falon gidaje goma sha bakwai, uku daga cikinsu kuma 'ya'yansu suna ajina. Kafin mu kai Palladan na yanke shawara. Na gaya wa Rahila cewa Asabar ta huɗu ta masu koyo a hankali ce.

Ta ce, "To."

(Na daɗe da aure kafin in gane cewa "to" ɗin Rahila iri-iri ne.)

Ranar jajibiri Baffa ya iso daga ƙauye da doya da wani sabon kube na jan fata da ya sa aka ɗinka daidai tsawon wuƙar. Ya ajiye shi a kan tebur inda kowa zai gani. Da la'asar na shimfiɗa tabarmar Baba a ƙofar gida, na zuba ruwa a kwanonsa, na fara. Da ƙarar ta tashi sai na ji Mama ta daina daka a cikin gida. Can Baba Tanimu ya leƙo daga zaurensa, ya tsaya yana kallona, ya ɗaga hannu ya koma. Kewar Baba ta kama ni a wurin, har sai da na sunkuyar da kai kamar ina duba dutsen.

Awa biyu na yi. Ɓawon ƙarfen nan ya fito har ana ganinsa da ido, na ce madalla, tun da ƙarami ma ya sa an yi mini guɗa, wannan babba ai sai dai a yi shiru. Na gwada a ɗan gashin da ya rage a hannuna, ya aske. Na yanka jarida, ta yanku. Daga nan kaina ya kumbura. Na sa aka kawo rake na sare shi gida uku a kan bakin turmi, na ƙara sara ɗaya a jikin turmin kansa don Baffa ya ji daga ɗaki. Sai na naɗe wuƙar a tsumma na ajiye. Ban sake shafa bakinta ba.

Da safe na sa sabuwar farar shadda. Na san za a yi yanka, amma a lissafina ni ba mai taɓa jini ba ne, ni mai wuƙa ne, tsayawa zan yi daga gefe hannu a baya. Maza huɗu na layinmu sun shigo don taya fiɗa, Baffa yana kan kujera da kubensa a cinya, Mama da Rahila suna bakin kicin da kwandon kayan miya, rago yana ɗaure a gindin gwaba. Baba Tanimu ya yi sallama. Na warware tsumma na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗan shafa bakin wuƙar da babban yatsa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Ya ce, "A ba ni buta."

A nan ne ya kamata labarin nan ya ƙare. Buta tana nan kusa da ƙafata, cike da ruwa. Amma ni na yi Asabar uku a cikin mata, na sha Malam Digiri, na aske rabin hannuna, ba zan bari a zagaya da wuƙar nan bayan gida ba tare da Baffa ya ga aikina da idonsa ba.

Na ce, "Baba, kafin ka zagaya, bari Baffa ya ga wani abu."

"Ɗana, bari in je in dawo tukuna."

Daga bakin kicin Mama ta ce, "Kai wannan, ba shi buta."

Na ce minti ɗaya ne kawai. Na karɓi wuƙar daga hannun dattijon (har yau in na tuna wannan sai in ji kunya ta fi ta tumatirin), na je kwandon Rahila na zaɓi tumatir mafi kyau, na ɗora a faranti a tsakar gida. Sai na yi wa jama'a ɗan bayani. Na yi maganar kusurwa, na yi maganar dutse mai kaushi da mai laushi, na ce wuƙar da aka wasa da ilimi ba a danna ta, ɗora ta kawai ake yi, nauyinta ya isa. Na ce kowa ya matso.

Suka matso. Na ɗora wuƙar a kan tumatir na sassauta hannu.

Ta zauna a kai.

Na ja ta a hankali. Ta bar wani ɗan layi kamar an danna da farce. Na ce wani lokaci sai an ba ta hanya, na sake ja, ta zame gefe ta bugi faranti. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi tari. Na riƙe tumatirin da hagu, na dafa wuƙar da dama, na danna da ƙarfin da na ce ba a sawa. Tumatirin ya lotsa, ya ƙara lotsawa, sannan ya fashe ta gefen da ke kallona. Ruwan ya kama ni daga wuyan riga har aljihu. 'Ya'yan tumatir biyu suka sauka a hular Baffa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ragon ma ya daina cin dusa yana kallona. Baffa ya ɗaga kubensa, ya hura cikinsa, ya kakkaɓe shi a gwiwa. Na dubi Mama, ta juya tana gyara itacen murhun da ba abin da ya same shi. A raina na ce shi ke nan, wuƙar Baba ta tafi ƙauye, ni na raka ta da jawabi.

Baba Tanimu ya zare wuƙar daga hannuna. Ya ce, "Ɗauko butar nan ka biyo ni."

Muka zagaya bayan gida, wajen rijiya. Ya tsuguna, ya cire takalminsa na hagu, irin na fata mai faɗi, ya ɗora a gwiwa. Ya kwantar da wuƙar a kan fatar ya ja ta baya-baya, ya juya ya ja, ya juya ya ja. Bai kai sau ashirin ba. Sai ya shafa bakin ya nuna mini ɗan yatsansa, ga wani siririn zare na ƙarfe yana ƙyalli.

"Ka ga wannan? In ba a cire shi ba, da an sari abu sai ya kwanta ya rufe kaifin. Washinka ya yi, ƙarasawa ce ba ka yi ba."

A lokacin na gane amfanin bel.

Ya mayar da takalminsa. Ya ce, "Mahaifinka ma a nan yake tsayawa."

Na ce, "Baba? Bai iya ba?"

"Ya iya farkon. Shekara ashirin da shida ina ƙarasa masa da takalmi. Ba wannan ba dai, wannan na shida ne ko na bakwai."

"Ya sani kuwa?"

"Shekarar farko na nuna masa. Ya ce, to Tanimu, in na koya, me kuma zai riƙa kawo ka bayan gidana?"

Ya miƙo hannu na zuba masa ruwa ya wanke. Ni dai ina tsaye da buta, da tumatir a ƙirji, hawaye na zuba. Bai ce in yi haƙuri ba, ya jira har na gama, ya ce in wanke fuska.

Da muka dawo tsakar gida ya ce wa Rahila, "'Yata, kawo wani, wancan ya nuna da yawa." Ta kawo. Ya miƙo mini wuƙar. Na ɗora, wannan karon ban yi jawabi ba, ta ratsa tumatirin har ta taɓa faranti. Maƙwabta suka gyaɗa kai, kowa ya yarda cewa na farkon ya nuna da yawa, wani ma ya ce tumatirin bana duk haka yake. Rahila, wadda ta zaɓe su ɗaya bayan ɗaya a kasuwa, ta ce, "To."

Baffa ba yaro ba ne. Ya dubi tumatirin, ya dubi takalmin Baba Tanimu na hagu, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya tashi ya ajiye kuben a kan tabarma kusa da ni.

Ya ce, "In an gama a sa ta a ciki, kada ta yi tsatsa."

Aka yanka rago, aka fiɗe, nama ya shiga kowane gida a layin kamar kowace shekara. Na tafi coci a makare da tsohon kaftani. Da rana ina cin shinkafa Mama ta wuce ta bayana, ba ta ko tsaya ba, ta ce, "Da ka ba shi buta tun farko da ba ka ɓata shadda ba." Wato ita ma ta sani. Ina jin a gidan nan ni da ragon ne kawai ba mu sani ba.

Bayan sabuwar shekara na je rumfar Mama Ngozi a kasuwa da tsohon bel a aljihu. Tana hango ni ta ce, "Malam Digiri, wa ka kunyata?" Na ce kaina. Ta koya mini darasin Asabar ta huɗu tsakanin masu sayen kifi biyu, bai kai minti biyar ba. Ta jawo takardar shaidata daga ƙarƙashin tebur (har yau tana ƙarnin kifi), ta kuma nuna mini hoton. Mata goma sha bakwai cikin anko, da kujera ɗaya a tsakiya ba kowa a kai. Sun rataye shi a zauren cocin haka nan, duk wanda ya tambaya sai a ba shi labarina.

Yanzu na iya ƙarasawa. Wuƙaƙen Rahila har gargaɗi take yi wa baƙi a kansu. Amma ranar jajibiri, in na fito da tabarma da wuƙar Baba, ina gogawa har in ji ɓawon nan ya kama yatsana, sai in naɗe ta a haka. Da safe Baba Tanimu ya karɓa, ya shafa, ya dube ni ta saman tabarau, don ya san na sani, ni ma na san ya san na sani.

Abin da na koya dai bai da yawa. In an ce aji mako huɗu ne, mako huɗu ne. Ba a sa farar shadda a tsaya kusa da tumatir. In kuma dattijo ya ce a ba shi buta, ka ba shi buta ka yi shiru.